Yadda na gyara gilashin ƙaramin jirgina da ya yi hazo

Ƙaramin samfurin jirgin saman yaƙi ne na roba da ake haɗawa da hannu, Spitfire na kamfanin Airfix, sikelin 1/72, wato jirgin gaske ya ninka shi tsawo sau 72, tsawonsa wajen santimita 13. Shi ne na farko da na taɓa haɗawa, a ɗakina a Agege, tsakiyar damina. Komai ya tafi daidai har na zo kan gilashin roba da ke rufe mazaunin matuƙi. Na ɗiga masa sufa gulu na kwanta. Da safe na tarar ya yi fari daga ciki, kamar an shafa alli.

Ashe tururin gam ɗin ne ke kwanciya a kan robar, danshin Legas kuma yana ƙara masa ƙarfi.

Na sa bakin reza a hankali na ɓamɓare shi. Gefe ɗaya ya ɗan tsage, na haƙura. Sai na lakaci farin man goge baki a audugar kunne, na yi ta murzawa kusan minti 20, ina ɗaurayewa ina ɗagawa a taga. Hazon ya tafi, saura ɗan kaɗan a kusurwa.

Wajen mayarwa, farin gam na kafinta na shafa da tsinken sakace. Yana bushewa garau, ba ya tururi. Yanzu har hular matuƙin ana gani.