Yadda nake yi wa Baba tantancewar fansho a waya

Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, fanshonsa na hannun PTAD, hukumar da ke biyan tsofaffin ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke kan tsohon tsarin fansho. Tunda tsarinsu na intanet mai suna "I Am Alive" (wato "Ina Raye") ya zo, a waya nake tabbatar musu yana raye.

Ka tanadi lambar fanshonsa da lambar asusun da kuɗin ke shiga. Sai ɗaukar hoton fuska, nan aikin yake. Zaunar da shi a tsakar gida da hantsi, ya fuskanci haske, ya cire tabarau. Mu a zaure muka fara gwadawa, ga duhu, sau huɗu abin yana ƙi, har Baba ya ce, "Kai yaro, ko na mutu ne ban sani ba?"

Kada ka bar wa mai shagon intanet lambobin nan. Cefanen gidanmu da maganin hawan jinin Inna duk a kuɗin nan suke.