Yadda ake gina gadar katako mai rufi irin ta ƙauyukan Amurka

Idan kana ganin hotunan ƙauyukan Vermont ko Pennsylvania za ka riƙa cin karo da wata gada kamar doguwar rumfa a kan rafi, ga bango ga rufi. Mutane da yawa suna zaton don matafiya su fake wa ruwan sama aka yi, a'a, katakon ake karewa. Gadar katako da aka bari a fili shekara 10 zuwa 20 ta ruɓe, amma mai rufi sai ta haura 100 tana aiki. Ta farko da aka sani a Amurka ita ce wadda Timothy Palmer ya gina kan kogin Schuylkill a Philadelphia a 1805, daga nan abin ya bazu ƙauye-ƙauye.

To ga yadda suke yi.

Da farko a nemi inda rafin ya tsuke kuma gaɓarsa na da ƙarfi, a tambayi dattawan wurin iya inda ruwa ya taɓa kaiwa lokacin ambaliya, sai a gina tushe na dutse gefe da gefe ya wuce nan sosai. Kar a yi rowar tsawo. Gadar Cornish-Windsor da ke kan kogin Connecticut, wadda aka gina 1866 mai tsawon wajen mita 137, ita ce ta huɗu a wurin, ukun farko duk ruwa ne ya tafi da su.

Sai a zaɓi ƙirar bangon, kuma nan ne aikin yake fa, don bangon nan biyu su ke ɗauke da nauyin komai, daɓen kawai kwanciya ya yi a kansu. Theodore Burr ya yi rajistar tasa a 1817, wani ƙaton katako mai lanƙwasa kamar baka ake haɗawa da ginshiƙai, tana da ƙarfi amma sai gwanin kafinta. William Howe a 1840 ya shigo da rodi na ƙarfe a tsaye, in gada ta saki sai a ɗau sifana a ƙara ɗaure noti, shi ya sa kamfanonin jirgin ƙasa suka so ta. Ni dai ta Ithiel Town ta 1820 ta fi burge ni, don ita ce ta talakan ƙauye: falankai ne kawai masu kaurin wajen inci 3 ake gicciya su, wannan ya kwanta dama wancan hagu kamar saƙar zana, babu wata sassaƙa mai wahala, kafintan gari ma zai iya. Kuma mutumin ɗan kasuwa ne, a zamaninsa dala ɗaya yake karɓa kan kowace ƙafa ɗaya ta tsawon gadar da aka yi da ƙirarsa.

In an tsaya kan ta Town, sai a shimfiɗa falankan a fili kusa da rafin, a jera dogaye sama da ƙasa su kama saƙar a tsakiya, duk inda biyu suka haɗu a huda a buga turakun itace mai tauri, yawanci biyu-biyu. Turakun su bushe sarai kafin a buga, in ɗanye ne zai motse ramin ya yi masa yawa, gada ta fara girgiɗi. Wani abu da ba a mantawa, tsakiyar gadar ana ɗan ɗaga ta ta yi doro kaɗan, saboda katako dole ya zauna da nauyi, in ka yi ta miƙe sak to nan gaba za ta lotsa.

Daga nan a kafa turakun wucin gadi cikin rafin lokacin da ruwa ya ja baya, a tura bangon a kai da igiya da shanu ko dawaki har ya hau ɗaya tushen. A ɗaure bangon biyu sama da ƙasa da katakai a gicciye don iska, a sa na daɓe, sannan a cire turakun wucin gadin.

Rufi kuma a yi masa gangara sosai saboda dusar ƙanƙara, bakinsa ya zarce bango. Bangon waje falanki ne a tsaye, amma ba a kai shi har sama, ana barin tazara ƙarƙashin rufin iska ta riƙa ratsawa, in ka toshe ko'ina laima ce za ta cinye katakon daga ciki. Abin dariya, a zamanin da, da hunturu sai an biya wani ya kwaso dusar ƙanƙara ya zuba cikin gadar, don kekunan dokinsu marasa taya su samu sulɓin wucewa.

Bayan an gama sai kulawa: a share ƙasa da ganyen da ke taruwa inda katako ya zauna kan dutse don ruɓa daga nan take farawa, rufi na fara yoyo a gyara a ranar. Wuta ma abar tsoro ce, gadar Bridgeton a yankin Parke na jihar Indiana wani ne ya cinna mata a 2005, mutanen gari suka haɗa kuɗi suka sake gina ta 2006, shi ya sa yanzu wasu ake shafa musu maganin hana kama wuta har da sa ƙararrawa.