Gyaran tsatsar gindin gilashin gaba a tsohuwar Fijo

Idan damina ta kama, ka ga ruwa yana ɗiga a ƙafar wanda ya zauna gaba, kada ka yi saurin ɗora laifin a kan robar gilashi. Duba farantin da ke tsakanin bonet da gilashin gaba, inda waifa ke zaune. A ƙarƙashinsa akwai kwarmi da ke tare ruwan sama ya zubar ta ƙananan kafofi a gefe. Fijo 504 ɗin da aka haɗa a Kaduna, waɗanda har yau suke jigilar kasuwannin ƙauyukan Kano da Jigawa, su ma suna ruɓewa daga nan. Ƙurar hunturu, ganyen darbejiya da ƙaiƙayin gero su ne ke toshe kafofin, sai taɓo ya kwanta yana cin ƙarfe daga ciki.

Fara da cire kan batir, sannan waifa da farantin. Kwashe taɓon, ka bi wurin da burushin waya. Ɗauki sukundireba ka riƙa dannawa: inda ya lotsa ko ya huje, ƙarfen ya mutu. Zagaye shi da alli, ka ƙara kamar santimita 2 cikin lafiyayyen ƙarfe, ka yanke. Masu ganin ƙyashin yankan nan su ne ke dawowa gareji baɗi.

Auna ramin da kwali, ka fitar da faci daga tsohuwar ƙofar mota ko bonet, kaurin milimita 0.8 zuwa 1. Ana samunsu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Ban da kwanon rufi: ya yi siriri, kuma hayaƙinsa in ya ji wuta yana da illa ga ƙirji.

Wajen walda ne aiki ke lalacewa. Waldar lantarki ta masu ƙera ƙofofi huda wannan ƙarfe take yi, gara ta gas da ƙaramin harshen wuta. A ɗiga nan, a tsallake santimita 3 a ɗiga can, a bari ya huce, sannan a dawo a cike tsakani. Wanda ya ja layi ɗaya tiryan-tiryan zai ga ƙarfen ya murɗe, waifa ta ƙi zama daidai. Kafin a kunna wuta, a janye wayoyi da soson da ke bayan dashbod, a sa yaro ya zauna a ciki da bokitin ruwa yana kallo. Gilashi kuwa a cire shi in aikin na kusa da bakinsa, domin zafi na tsaga shi.

Bayan an goge tabon walda, a shafa jan fenti mai hana tsatsa hannu biyu, ciki da waje, musamman bayan facin da ido ba ya gani. A bi bakin ɗinkin da gam ɗin toshe gaɓar ƙarfe. Fila, wato ƙullun da ake shafawa a jikin mota kafin fenti, ta daidaita fuskar ƙarfe ce kawai, kada kaurinta ya wuce milimita 3. Tana shan ruwa, shi ya sa wadda aka cusa cikin rami take kumbura ta ɓare.

Kafin a mayar da farantin, zura waya a kafofin, ka tuttula ruwa buta biyu. Ya kamata ruwan ya fito ta bayan tayoyin gaba, tabarmar ciki kuma ta zauna a bushe.