Yadda za ka fidda tabon ruwa a gilashin mota bayan wanki

Da farko dai kai motar inuwa gilas ya huce, in da zafi duk abin da ka fesa nan take zai bushe. Farin ɗigo-ɗigon nan gishirin cikin ruwa ne ya kafe, sabulu ba ya fidda shi. Sai ka haɗa farin binega da ruwa rabi da rabi, ka fesa ka bar shi kamar minti 2, kar dai ya bushe, ka goge da tsumma mai laushi, ka ɗauraye, sannan ka bi da busasshe. Maiƙon folish kuwa sifirit ke cire shi. Ɗan sauke gilashin ka goge bakinsa na sama, nan ake yawan mantawa. In tabon ya ƙi fita to ya ci gilashin kenan, sai folish ɗin gilas.