Ka Kawo Iyali Legas? Mu Yi Maganar Yara

Duk wanda ya sauka Legas da iyali, nasihar da ake fara yi masa ba ta wuce kuɗin haya, da 'yan damfara, da yadda zai damƙe wayarsa a cikin danfo. Duk gaskiya ne. Amma da wuya ka ga an zaunar da baƙo an gaya masa abin da garin nan yake yi wa tsakanin uba da ɗansa. Na daɗe a Agege. Yaran da aka raɗa wa suna a gabana sun girma, wasu sun zama abin alfahari, wasu kuma iyayensu da baƙin cikinsu suke kwana. Cikin iyayen nan ban san wanda ba ya son ɗansa ba. Lokaci ne ya ƙwace musu, sannan sun ɗauka tarbiyya za ta tafi da kanta kamar yadda suka saba gani a gida.

A gida kuwa, ko Kano ne ko Sakkwato ko Maraɗi, ba kai kaɗai kake renon ɗanka ba. Ga kaka a ɗakinta, ga gwaggo, ga baffa, ga matan 'yan'uwa, ga malamin zaure. Yaro ya yi ashar a lungu, dattijon da ke kan dakali ya ja masa kunne, kafin ya iso gida labari ya riga shi. Shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. Uba ya fita tun safe ya dawo da dare, ba abin da ya ragu, don akwai idanu a kan yaron. A nan fa ɗaki ɗaya za ka samu, ko ciki da falo, a gidan haya mai dogon lungu, ƙofa na kallon ƙofa, banɗaki na kowa da kowa. Maƙwabcin dama Bayarabe, na hagu Ibo, na ƙarshen lungu ɗan Kalaba. Galibinsu mutanen kirki ne, za su taimake ka ranar ciwo, amma ba wanda zai tsawata wa ɗanka, domin a nan taɓa ɗan wani neman fitina ne. Aikin da dangi duka suke yi ya dawo wuyanku ku biyu, kai da maiɗakinka.

Don haka tun wajen neman gida ake fara renon yara a Legas. Mutanenmu suna bin arahar haya, sai wanda aikinsa yake Victoria Island ko Ikoyi ya je ya kama ɗaki a Ikorodu ko Agbado. Sallar asuba a tasha, dawowa bayan isha'i, yara na barci ya fita, suna barci ya dawo. Gadar Third Mainland ba ta cika kilomita 12 ba, amma ranar da ta cushe sai azahar ta riske ka a kanta. Kafin ka biya dillali, ka gwada hanyar da safiyar Litinin, ka haɗa kuɗin mota na wata da sa'o'in da za ka bari a gosulo, sannan ka ga ko arahar araha ce. Ka kuma san hanyoyin da ke rage wahala. Motocin BRT, da suka fara aiki a 2008, suna da layinsu daban daga Ikorodu zuwa cikin gari ta Mile 12. Jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Na Blue Line yana tafiya tsakanin Marina da Mile 2 tun 2023. Da katin Cowry ake biyan dukkansu. Sa'a ɗaya da ka tsira da ita a hanya, ita ce za ta sa ka tarar da ɗanka ido biyu.

Idan da hali, ka zauna kusa da namu. Agege tsohon zango ne, tun zamanin fataucin goro da shigowar jirgin ƙasa Hausawa suke nan. Akwai Idi-Araba, da Obalende, da Mile 12. A unguwannin nan za ka samu masallacin da ake wa'azi da Hausa, da Islamiyya, da Sarkin Hausawa idan wata matsala ta taso, iyalinka kuma ta samu mai kitso da abokiyar hira. Sai dai kada ka saki jiki wai don kana cikin 'yan'uwa. Kowa a nan neman na kansa yake, kuma majalisar samari masu shaye-shaye da Hausa ita ma take hirarta.

Yanzu bari in taɓo inda na san wasu ba za su ji daɗi ba, wato alkunya. Mun tashi mun ga uba ba ya wasa da ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa. Al'ada ce mai kyau a inda aka gina ta, saboda abin da iyaye suka ɓoye, kaka tana bayyana shi ninki biyu. Ita ke goya shi, ita ke yi masa kirari, ita ke ɓoye masa ƙanzo, gare ta yake kai kuka. To a ɗakin haya na Legas ina kakar? Idan kai ka kame, ita ma ta kame, yaron nan zai girma bai taɓa jin wani babba ya ce masa "Allah ya yi maka albarka, ka kyauta" ba. Kuma yana gani a kullum yadda Bayaraben maƙwabcinku yake saɓa 'yarsa a kafaɗa zuwa bakin titi. Ba zai fahimci kunya ce ba, zai ɗauka ba a sonsa ne. Ke ma 'yar'uwa, tun makon farko matan gidan za su fara kiran ki da Maman wane, da sunan ɗan farin da bakinki bai taɓa furtawa ba. Kada abin ya dame ki, girmamawa ce a wajensu. Ban ce a zubar da kunya ba. A ba shi laƙabi idan sunan ya yi nauyi, amma a kira shi, a zaunar da shi kusa, a dafa kansa, a tambaye shi yadda ya wuni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikokinsa a gaban sahabbai, har ya yi sallah ɗauke da jikarsa Umama. Ba mu fi shi kunya ba.

Lokacin zama da yara ba ya faɗowa da kansa a garin nan, sai an yanka masa wuri an tsare. Ba sai mai yawa ba. Wani ɗan kasuwar Mile 12 da na sani, motocin tumatir da albasa cikin dare suke sauka, don haka dare ba nasa ba ne. Sai ya mayar da la'asar ta zama ta gida. Ya dawo, a shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, a kawo abinci a faranti ɗaya, wayarsa a kife a kan taga. Ƙaramar ta hau cinyarsa, babban ya buɗe jaka ya nuna masa aikin makaranta. Shi bai yi boko ba, amma yana duba inda malama ta sa jan biro ya ce, "Abba, nan me ya faru?" Yaron ya yi bayani, a cikin bayanin kuma ake jin wa ya doke shi, wa ya ba shi alawa, wace sabuwar kalma ya kwaso. Kai ma ka duba sana'arka ka ga inda take da sauƙi. Safiyar Alhamis kasuwanni ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe 10 saboda shara, to ka riƙe hannun yaro ka raka shi makaranta kafin ka wuce. Ranar Lahadi titi a sake yake, a je gaida 'yan'uwa a wata unguwa, ko a kai su wurin shaƙatawa na JJT da ke Alausa su yi guje-guje a kan ciyawa. Yaron da ya wuni a ɗaki ɗaya yana buƙatar fili.

Sai harshe. Ɗanka zai iya Yarbanci, domin tun 2018 dokar jiha ta wajabta koyar da shi a makarantu, zai iya Turanci, zai kwaso Buroka a lungu kafin ka ankara. Duk arziki ne, gobe da su zai ci abinci. Hausa ce kaɗai ba mai koya masa sai ku. Idan kin yi masa magana ya amsa da Turanci, kada ki yi dariyar jin daɗi wai yaro ya waye, ki ce, "Ban ji ba, faɗa mini da Hausa." Na ga yarinyar da aka miƙa wa waya ta gaida kakarta, ta tsaya tana kallon uwarta a fassara mata, tsohuwa kuma tana can tana ta kiran sunanta. Abin ya tsaya mini a rai. Daren da aka ɗauke wuta, maimakon kowa ya dunƙule da waya, a fito da "ga ta nan, ga ta nanku", a ba su Gizo da Ƙoƙi. Idan tatsuniyar ta ɓace muku, a kira kaka a WhatsApp ta yi musu da bakinta.

Makarantar firamare ta gwamnati kyauta ce, kuma ɗan baƙo yana da haƙƙin shiga. A tanadi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas, don ana yawan tambayarsu. Masu fargabar sa 'ya'ya mata saboda sutura su sani cewa a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Karatun addini ma ba baƙo ba ne a nan, Markaz ta Shehu Adam Al-Ilori tana Agege tun shekarun 1950, Islamiyyu kuma suna ko'ina. Abin da nake roƙo shi ne ka je da ƙafarka. Malamin boko ya san fuskarka, malamin Islamiyya ya san lambar wayarka, ranar taron iyaye kada kujerarka ta zama fanko. Kuma a ji tausayin yaro: boko zuwa ƙarfe 2, lesin zuwa ƙarfe 4, Islamiyya zuwa magariba, sai ya zama gida wurin barci ne kawai gare shi shi ma.

Kada a ɗora wa yaro talla a titi. Dokar jiha ta hana, ana kamawa, kuma ko ba doka, wanda ya ga yadda tirela ke bi ta gefen masu sayar da ruwan leda a gosulo ba zai tura nasa ba. A kula da aiken yarinya ɗakin samari ko banɗakin bayan gida da dare. A koya wa yara, mata da maza, cewa duk wanda ya taɓa su inda bai dace ba su faɗa, ko wane ne, kuma in sun faɗa a saurare su, kada a rufe su da faɗa. Jihar tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, da hukumar DSVA da ake kai ƙarar cin zarafi. Dokar nan ta shafe ka kai ma: dukan da ya bar shaida a jikin yaro, malamai ko maƙwabta suna iya kai rahoto. Yaron da ke tsoron bulalarka kuwa ba zai kawo maka sirrinsa ba ranar da kake buƙatar ji.

Maigida, ka tuna da uwar yaran. Kai kana fita kana ganin jama'a, ita ka baro ta da bango huɗu, ba uwa ba 'yar'uwa, ba ta jin yaren maƙwabta. Ƙuncin da ta tara tun safe a kan yara yake sauka. Ka bar ta ta shiga Islamiyyar matan aure, ta je suna da biki, ta shiga adashi, ta kama 'yar sana'a. A cikin matan nan za ta samu dattijuwar da za ta zame wa yaranku kaka, wadda za a bar mata su ranar da aka tafi asibiti.

Ku kuma da kuka baro iyali a gida kuka zo nema, turo kuɗi ta POS bai sauke muku nauyi ba. In ka kira, kada ka tsaya a "yaya yara?" Ka ce a ba ka kowane ɗaya, ka ji inda ya kai a hadda, ka ji wa ya ci ƙwallo a unguwa. Ka tsayar da ranar kira da lokacinsa har su riƙa jira.

Zuwa gida kuwa a sa shi cikin lissafin shekara kamar kuɗin haya. Tafiyar ta kai wajen kilomita 1,000 zuwa Kano, kuɗin mota kuma tashi yake yi da Sallah ta matso, shi ya sa da yawa suke zaɓen dogon hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Lokacin damina ce, yara za su ga gero a tsaye, su kwana a ɗakin kaka, su san 'ya'yan baffanninsu da suna. A ware zubi ɗaya na adashi tun watan Janairu domin kuɗin motar.