Kambin La'ana a Teburin Wasa: Inda Jagorori Suka Fi Yin Tuntuɓe

Kambin farko da na ƙirƙira wa abokaina a wasan Dungeons & Dragons bai yi minti ashirin a kan kowa ba. Sati biyu na yi ina rubuta tarihinsa, sunan sarkin da ya ƙera shi, da garuruwan da ya ci. Da suka iske shi a kan ƙwarangwal a ƙasan wani kango, mai riƙe da mayaƙin tawaga ya ɗora a kansa, ni kuma cikin murna na ce, "To, ƙarfinka ya ragu da 4, kuma kambin ba ya ciruwa." Ya ajiye fensirinsa, ya dube ni, ya ce, "Shi ke nan?" Washegari a cikin labarin mai warkarwarsu ya karya la'anar da sihiri ɗaya, suka jefa kambin a rijiya, suka kama gabansu.

Ga wanda bai saba ba, wannan wasa tatsuniya ce da ake yi tare. Mutum ɗaya, jagora, shi ke riƙe da duniyar labarin, sauran kowa na riƙe da jarumi guda, dayis kuma shi ke raba gardama, musamman mai fuska 20. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. Dokokin da zan ambata na bugu na biyar ne, wanda ya fito a 2014, amma matsalolin iri ɗaya ne a kowane wasa mai wannan tsari.

Babban kuskurena a ranar, wanda kuma nake gani wurin yawancin sababbin jagorori, shi ne la'ana mara zaƙi. Abin da cutarwa kawai yake yi tarko ne, kuma tarko sau ɗaya ake faɗa masa. Kambin da zai riƙe tebur wata da watanni shi ne wanda ɗan wasa ya san sharrinsa sarai, amma ransa bai ba shi ya rabu da shi ba. Masu wasan sun gane haka tun da wuri. Hannun Vecna, wato yankakken hannun wani mugun matsafi mai ba da iko, wanda ke cikin wasan tun 1976, ba ya yi wa kowa aiki sai ya sare nasa hannun na hagu ya maƙala shi a gurbin. Farashin a fili yake, kuma har yau ana samun masu miƙa wuyan hannu suna dariya.

Saboda haka fara da kyautar, ka sa ta yi tsoka. A kambina na biyu, mai sanye da shi zai iya ba da umarni sau uku a rana, wanda ya ji kuma ya kasa jifan tsira, wato jefa dayis don kauce wa sihiri, dole ya bi. Amma duk sanda ya yi amfani da wannan iko, sai ya manta sunan mutum ɗaya da ya sani. Na farko mai gidan sauka ne, ba wanda ya damu. Na shida ƙanwar jarumin ce. Ban taɓa tilasta masa yin umarni ba, shi ne ke duban halin da suke ciki ya ce, "Bari in ƙara ɗaya." Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ka kuma tuna cewa a wannan bugu jarumi ba ya ƙulla alaƙa da kayan sihiri fiye da uku a lokaci guda, don haka kambin ya riga ya cinye gurbi ɗaya kafin la'anar ta motsa. In ikon da ka ba shi bai kai na takobin da zai ajiye ba, ba mai ɗaukarsa.

Sai ɓoye-ɓoye. Doka ta ce sihirin gano sirrin kaya, wato Identify, galibi ba ya tona la'ana, wasu jagorori kuma sukan fake da wannan su yi shiru gaba ɗaya. Sakamakon shi ne 'yan wasa su koyi tsoron komai: a ba su zobe su taɓa da sanda, a ba su takalmi su gwada wa fursuna. Ba sai ka faɗi la'anar ba, amma ka bar sawunta. Gawar da ke sanye da kambin, yatsunta a kakkarye suke a gefensa kamar ta mutu tana ƙoƙarin cire shi. Doki ya ƙi ɗaukar jakar da aka sa shi. Tsohuwar da ke sayar da abinci a bakin kangon ta ga ƙyallinsa ta fasa karɓar kuɗinsu. Wanda ya ga duk wannan ya ɗora, ba zai zarge ka ba.

Kuskuren da ya fi ɓata zumunci kuwa shi ne ƙwace jarumi daga hannun mai shi. "Kambin ya mallake ka, miƙo takardar jaruminka." Mutum ya baro gida, ya hau mota ya zo, sai ya zauna awa uku yana kallon jagora na wasa da jaruminsa. Dubi yadda dokokin kansu ke taka-tsantsan a nan. Sihirin Crown of Madness, wanda ke ɗora wa mutum kambin baƙin ƙarfe ya sa shi sarar na kusa da shi, iyakarsa minti ɗaya, kuma ana sake jifan tsira a ƙarshen kowane zagaye. Kayan da ke da nasu hankalin ma, in sun rinjayi mai su, rinjayen ba ya wuce awa 12, kuma duk sanda aka ji masa ciwo yana da damar kuɓuta.

Gyaran shi ne ka mayar da ɗan wasan abokin ƙulli. Ka kira shi gefe kafin zama, ka gaya masa abin da kambin ke so, ka tambaye shi iyakar da zai iya zuwa. A lokacin wasa ni ƙaramar takarda nake miƙa masa a ninke: "Kambin ba ya son yadda matsafin nan ke katse ka." Abin da zai yi da ita ruwansa. Za ka sha mamaki, domin 'yan wasa sun fi jagora mugunta ga jarumansu in an sakar musu linzami. Abokina mai sanye da kambina na biyu da kansa ya fara cewa "mu" maimakon "ni", ya daina zama sai kowa ya miƙe. Ban rubuta wannan ba. Su kuma sauran, ka tabbata sun yarda da irin wannan rikici tun farko, don ba kowa ke jin daɗin a ci amanarsa ko da a wasa ba.

Akwai kuma lissafi, wanda yawancinmu ba ma yi. Jagora zai ce a jefa dayis kowace safiya, in an faɗi sau ɗaya kambin ya ci nasara har abada, yana ganin ya yi sassauci tunda lambar da ake nema 10 ce. Ɗauki jarumin da ake ƙara wa 3 a kan abin da dayis ya nuna: yana bukatar 7 ko sama, fuska 14 cikin 20, wato kashi 70 cikin ɗari. Da kyau a rana ɗaya. Amma damar ya tsallake kwana goma a jere ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Ka yanke masa hukunci ke nan, kana kiran abin sa'a. Ka yi la'anar hawa-hawa, mataki huɗu ko biyar, kuma a jefa dayis ne kawai idan ya taɓa ikon kambin.

Yanzu ga abin da ya jefa kambina a rijiya. Remove Curse, sihirin karya la'ana, yana mataki na 3 a jerin sihirai, mai warkarwa na samunsa da zarar shi kansa ya kai mataki na 5 na ƙwarewa, ba ya cin ko sisi. Ba ya goge la'anar daga jikin kayan, amma yana tsinke alaƙar, a cire a yar. Jagoran da ya manta da shi zai sha kunya, wanda kuma ya ce "ba ya aiki" ba tare da dalili ba ya zalunci ɗan wasan da ya tanade shi. Hanya ta tsakiya ta fi: sihirin ya yi aiki, kambin ya ciru, amma sunayen da aka manta suna cikinsa, ba za su dawo ba sai an rusa shi. Ko kuwa ya ba da hutun kwana ɗaya. In ka yi aikin farko da kyau ma, mai kambin ne zai riƙe hannun mai warkarwa ya ce a dakata tukuna.

Abin da ya fi ba ni haushi idan na karanta kambunan da mutane ke rubutawa shi ne, da za ka canja sunan zuwa zobe ko laya, ba abin da zai sauya. Kambi fa sarauta ne, sarauta kuma da mutane ake yinta. Ina talakawan? Ina 'yan gidan sarautar da ke ganin gadonsu ne? Ranar da jarumi ya shiga gari da shi a ka, ya kamata wani dattijo ya zube ya yi gaisuwa, wani kuma ya sulale ya kai wa mai mulki labari. A kawo masa ƙarar gona, a nemi ya yanke hukunci. Matattun dakarun tsohon sarki su tashi su bi shi, ko yana so ko ba ya so, su kuma kashe duk wanda ya ɗaga masa murya. Wannan kaɗai la'ana ce da ba ta bukatar lamba ko ɗaya. In kuma duniyar da ka gina ta fi kama da tamu, ka tuna sarakunanmu rawani ake naɗa musu, a yafa alkyabba, a miƙa sanda. Rawanin da ba ya warwaruwa zai fi shiga jikin 'yan wasanka fiye da zinariya mai tsini.

Kada kuma kambin ya mayar da sauran masu wasa 'yan rakiya. Ba wa kowa igiya ɗaya ya riƙe: matsafi ya gano rubutun da ke cikinsa, ɓarauniyar tawaga a yi mata tayin kuɗi ta sace shi, mai warkarwa ya zama shi kaɗai ke tuna sunayen da suka ɓace.

Na ƙarshe, ka san yadda ake rusa shi kafin ka ajiye shi a gabansu. Manyan kayan sihiri a wannan wasa ba sa fashewa da guduma, kowanne da hanyarsa ta musamman, kuma bai kamata ka tsaya ƙirƙiro ta ana tsakiyar zama ba. Hanyar ta fito daga halin kambin. Nawa na umarni ne, don haka sharaɗinsa shi ne mai shi ya durƙusa da kansa gaban wanda ya fi rainawa, ya bi umarninsa guda ɗaya ba musu. Sun gano haka a zama na tara. Abokina ya daɗe yana juya dayis a tafin hannunsa, shayinsa ya huce, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran umarni ɗaya a ranar. Na ce akwai.