Darasi na Tara: Guguwa Ta Lalata Mota, Umarnin Kotu Yana Nan

Iska ta taso cikin dare, reshen bishiya ya rufto wa motarka. Gilashin gaba ya tarwatse, rufin ya lotse, kujeru sun sha ruwa. Da motar nan kake neman na kai, ga shi kuma alƙali ya umarce ka da biyan kuɗin ciyar da 'ya'ya duk wata, ko biyan tara kaɗan-kaɗan, ko bayyana a ranar da ya yanka.

Umarnin nan yana nan daram har sai alƙali da kansa ya sauya shi. Wanda bai zo zama ba, bai kuma sanar ba, ana iya ba da takardar kama shi, ko a tuhume shi da raina kotu. Masu faɗawa cikin wannan suna ba ni tausayi, domin galibi kunya da ruɗewa ne ke sa su yin shiru.

Kafin a taɓa motar, ka ɗauki hotonta ta kowane gefe, lambarta ta fito, reshen yana kanta. Ka karɓi takardar ƙiyasin gyara daga bakanike, da kwanan wata da sa hannunsa. In kana da inshora ka sanar da su da wuri, amma ka duba irin taka: wadda ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna kaɗai ba ta gyara maka motarka.

Sai ka nufi kotu tun ranar ba ta zo ba. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da sunanka, lambar shari'arka, abin da ya faru, da abin da kake roƙo: ɗage zama, ƙarin lokaci, ko rage abin da kake biya a wata. Ka haɗa da hotunan, ka yi kwafi biyu, magatakarda ya buga hatimi a kan naka. In wani ma'aikaci ya ce maka "ba komai, je ka" da fatar baki, kada ka dogara da hakan. Amsar alƙali a rubuce kake jira.

Kafin amsar ta fito, ka biya abin da ya samu ko da rabi ne, ka adana rasit. Ranar zama kuwa, ko a motar haya, ko ta aro, ka halarta.

Aiki: Rubuta irin wannan wasiƙa a layi biyar, ka karanta wa na kusa da kai.